Saran Maciji: Cutar da ke Bin Talaka Gona

Da zarar damina ta kankama, haka kuma lokacin girbi, asibitin saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe yakan cika da majinyata. Haka yake a Zamko, can ƙasar Langtang a jihar Filato. Da za mu zagaya gadajen mu tambayi sana'ar kowa, za mu tarar yawancinsu manoma ne da makiyaya, da mata masu neman itace, da yaran da aka aika kiwo ba takalmi. Da wuya mu sami ma'aikacin banki a cikinsu.

Kububuwa ce ta fi yin ɓarna a yankinmu. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ka ga jini yana fita ta dasashi da fitsari, wani lokaci har ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Akwai maganinsa, kuma in an yi allurar da wuri yawanci ana tashi. Abin da ke kashe mutanenmu shi ne nisan asibiti da rashin kuɗi a hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, amma sai a 2017 ta mayar da shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. Kafin nan, a 2014, kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, maganin da ke aiki a kan macizan Afirka da dama, domin ba ya kawo riba. Wa zai saya? Ko EchiTAb da muke dogara da shi, da dafin macizanmu ake yinsa, amma a Birtaniya da Kwasta Rika ake haɗa shi. In ya yanke a asibiti, sai iyali su saya da tsada a waje, wasu har su jinginar da gona.

Mu ma muna da namu laifin. A Ayyukan Manzanni sura 28, da maciji ya maƙale a hannun Bulus a tsibirin Malita, mutanen wurin suka yanke cewa lalle mai kisankai ne. Har yau a wasu ikkilisiyoyinmu, in aka sari mutum, sai a fara tambayar wa ya turo macijin. Ana kwana biyu wurin mai maganin gargajiya, ana tsaga, ana ɗaure ƙafa tamau, jini yana ta zuba. Mun sha binne 'yan'uwan da jinkiri ya kashe, muka ce lokaci ne ya yi.

Dattawan ikkilisiya za su iya ware wani abu daga baikon godiyar kaka domin kuɗin mota da magani, su kuma san mai babur ko motar da za a tasa da tsakar dare. Zumuntar mata na iya sayen takalman roba da tocila a sari tun kafin shuka. Idan 'yan siyasa suka zo gaisuwa ranar Lahadi, mu tambaye su kwalba nawa ta maganin ke asibitin ƙaramar hukumarmu.