Lodin Motar Gida Kafin Tafiyar Sallah

Duk lokacin da Sallah ta gabato, gidaje da yawa sai a fara haɗa kaya za a je gida ganin iyaye, domin zumunta a ƙafa take. A wannan watan zan yi magana ne a kan wani aiki da muke ɗauka na maza ne, alhali rabinsa a hannunmu yake, wato lodin mota. Maigida ne ke riƙe da sitiyari, amma mu ne ke cewa "a ƙara wannan, a cusa wancan".

Wata Sallar layya mun tashi daga Kano za mu Azare. Ni na tsaya a kan lodi: buhun shinkafa biyu, jarkar mangyaɗa, akwatuna, da tsarabar dangi. Mun ɗan wuce Wudil tayar baya ta fashe. Allah ya tsare, maigida ya samu ya gangara gefen titi. Sai da muka sauke komai a rana kafin a kai ga safaya, ita ma aka tarar babu iska. Ranar ban yi wa kowa faɗa ba, don na san da hannuna a ciki.

Abu na farko, kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. Yana rubuce a littafin motar, a motoci da yawa kuma akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ƙaramar motar gida yawanci ba ta wuce kilo 400 zuwa 500, kuma har da mutanen ciki ake lissafi. Idan manya uku da yara uku suka tashi kilo 300, abin da ya rage kusan 150 ne. Buhu biyu masu kilo 50 da jarka mai lita 25 sun kusa cinye shi, ba a sa akwati ko ɗaya ba. Nauyi in ya yi yawa, taya tana zafi har ta fashe, birki kuma ba ya kamawa da wuri. In kika ga bayan mota ya zauna, a rage. Tsaraba mai nauyi a ba motar tasha ta riga ku isa, ko a tura kuɗi a saya a can.

Na biyu, tsarin jerawa. Mai nauyi shi ne a ƙasa, a matsa shi can ciki jikin kujerar baya, a raba nauyin dama da hagu. Saman mota na marasa nauyi ne kamar tabarma da bargo, a ɗaure da igiya mai ƙarfi, a sake dubawa duk inda aka tsaya. Kada a ajiye fulas, kwalba ko kular abinci a bayan kan yara wajen gilashin baya, domin in aka taka birki da ƙarfi, su ne za su taso su buge su. Jarkar fetur kuwa ba ta zama tare da mutane a cikin mota. Tukunyar gas ma gara a bar ta a gida.

Na uku, jakar hannunki. A ciki ki sa ruwan sha, guzurin yara, maganin da wani ke sha kullum, gishirin ORS, kayan canjin jariri, leda, tocila da cajar waya. Buta da sallaya su kasance kusa, kada lokacin salla ya yi a ce sai an sauke lodi.

Na huɗu, lafiyar motar. Ki tuna wa maigida da lafazi mai daɗi ya kai ta wajen makaniki mako guda kafin tafiya, a duba birki, bakin mai, ruwan lagireto da fitilu. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta ɗauki zafi, har da safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna shekarunta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe. A tabbatar akwai jak, sifanar taya, abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Ki kuma ajiye lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a wayarki.

Daga ƙarshe, yara. Wurinsu kujerar baya ne, kowa da bel ɗinsa. Goyo a cinya a kujerar gaba haɗari ne, domin hannun uwa ba zai iya riƙe yaro ba in aka yi karo. Kada kuma a bar yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota, ko da sauka aka yi sayen ruwa.

'Yar uwa, a yi sammako a isa da rana, sannu ba ta hana zuwa. Mu yi namu ƙoƙarin, mu karanta addu'ar tafiya tare da yara, sannan mu dogara ga Allah. Iyayenmu fuskokinmu suke jira su gani, ba buhu ba. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.