Darasin fiziks a bakin ramin golf

Idan aka ambaci ƙwallo da sanda a birnin Dikko, hankalin kowa kan koma ga wasan folo ne, wanda marigayi Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har a ƙasashen waje. Golf kuwa, kallon wasan masu hannu da shuni muke yi masa. Duk da haka, a ganina ya dace malaman fiziks na sakandaren Katsina su shigar da bugun ƙarshe na wasan cikin darasi, wato wanda ake mirgina ƙwallo zuwa rami.

Mai karatu, faɗin ramin milimita 108 ne, ƙwallon kuma kusan 43. Da an buge ta, takan ɗan zame a ƙasa tukuna, gogayya tana rage mata gudu tana kuma juya ta, sai gudun ya koma kimanin kashi 5 cikin 7 sannan ta kama birgima sosai. Idan ta iso da gudun da ya wuce kimanin mita 1.6 a daƙiƙa, za ta tsallake ramin ko da saitin ya yi daidai, domin ba ta sami lokacin nutsewa ba kafin ta daki ɗaya bakin. In kuwa ƙasar ta karkata, ƙwallo mai tafiyar hawainiya ta fi baudewa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne nisa. Wanda ya ninka gudun ƙwallo sau biyu, ya ninka nisan da za ta yi sau huɗu. Wannan ƙa'ida ita ce ke aiki a kan birkin mota. Direban da ke gudun kilomita 120 a hanyar Kano yana bukatar ninki huɗu na tazarar da mai gudun 60 zai tsaya a cikinta bayan taka birki. Ɗalibanmu suna haddace lissafin don jarrabawar WAEC da NECO, su ci, amma ƙalilan ne ke tuna shi idan suka riƙe sitiyari.

Wani zai ce ina makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje za ta sami filin golf? Ba a bukatarsa. A 1935 wani Ba'amurke, Edward Stimpson, ya ƙirƙiro ma'aunin santsin fili, kuma katako ne kawai mai kwari a tsakiya da ake gangaro ƙwallo ta kansa. Kowane kafinta a Ƙofar Ƙwaya zai iya yin irinsa. A saki ƙwallo daga wani tsayi, a auna inda ta tsaya, a ninka tsayin sau huɗu a sake aunawa, yau a kan tabarma, gobe a kan ƙasar harabar makaranta.

Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, waɗanda ke yaye malamai, su ya kamata su fara sa wannan gwaji cikin horon ɗalibansu kafin a tura su koyarwa.