Bindiga a ginin kotu: rigimar Amurka a kan baranda take

Ko a Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar mallakar bindiga, ba a shiga da ita gaban alƙali. A hukuncin Bruen na 2022, Kotun Ƙoli ta faɗaɗa 'yancin yawo da bindiga, amma ta lissafa kotuna cikin wuraren da hukuma za ta iya hanawa. Dokar tarayya kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya shiga kotun tarayya da ita.

To ina matsalar? A gundumomi da yawa, gini ɗaya ne ke ɗauke da kotu da ofishin haraji da wurin rajistar aure. Dokar jihar Texas ta hana bindiga a kotu da ofisoshinta, sai gundumar Waller ta ce hanin ya shafi ginin baki ɗaya. A 2016 Antoni Janar na jihar, Ken Paxton, ya maka gundumar a kotu, wai mai lasisin da ya zo wani ofishin da ba na kotu ba, ba ruwansa da shari'a.

A takarda maganar tasa ta hau. Amma fa duk wanda ya taɓa zuwa shari'ar gado ko ta saki ya san ba a gaban alƙali ake cacar baki ba. A baranda ake yi, bayan an fito, rai a ɓace. Shaida da wanda ya ba da shaida a kansa matakala ɗaya suke bi su sauka, kuma nan ɗin ne Paxton ke cewa ba kotu ba ce.