A TANADI HARAWA KAFIN A ƘARA BAKI A TURKE

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, aka biya bashin taki da na 'yan ƙodago, akan sami wasu 'yan kuɗi da suka rage a hannun manomi mai kiwo. Ba su da yawa. Galibi ba su wuce kuɗin rago guda ba, ko kuwa abin da uwargida ta kwasa a adashi bayan ta yi watanni tana zubi. Abin da aka saba gani kuwa, tun daga Illela har zuwa Mubi, shi ne ranar kasuwa mai gida ya saɓa riga ya nufi kara, ya komo da yamma yana jaye da tunkiya ko ɗan maraƙi. Maƙwabta su yi masa barka, a ce dukiya ta ƙaru.

To, ta ƙaru ɗin kuwa? Ba a sanin amsar wannan tambaya a watan Nuwamba, lokacin da kowace gona take cike da kara da ganye, akuya tana ci tana ture wani. A watan Afrilu ake sani, sa'ad da daji ya ƙone ƙurmus, haƙarƙarin saniya ya fito har yaro yana iya ƙidaya shi daga nesa, tunkiya ta haihu babu nono, ɗan ya kwana biyu ya mutu. A wannan lokaci ne mutumin nan da aka yi wa barka yakan koma kara da dabbobi biyu ramammu, ya sayar da su a wulaƙance, domin ya sayi harawar da zai ciyar da sauran. Watau ya sayi dabba lokacin da take da tsada, ya sayar lokacin da ta faɗi, ya kuma sayi abinci a ranar da ya fi kowace rana tsada. Mahauci da dillali ne kaɗai suka ci ribar wannan ciniki.

Ba wauta ce ta sa mutane suke yin haka ba, kuma bai kamata a ɗauke su marasa lissafi ba. A ƙauyen da babu banki, akuya ita ce asusu. Ita ake kamawa ran da ciwo ya faɗo, ko suna, ko kuɗin makaranta. Darajar naira tana zubewa, akuya kuwa tana haihuwa bayan wata biyar. Duk wannan gaskiya ne. Amma asusun da yake cin abinci kullum, yake kuma iya kwanta dama dare ɗaya, yana bukatar a kashe masa wani abu kafin a ƙara masa nauyi. Saboda haka ƙaramin kuɗi ya fi amfani wajen raya dabbobi goman da suke turke, da a kawo ta goma sha ɗaya su yi yunwa tare.

Yunwar bazara ita ce babbar ɓarauniya, ga shi kuwa ba ta da tsadar magani in an yi shiri da wuri. Busasshiyar ciyawa da karan dawa suna cika ciki, amma ba su gina jiki, domin sinadarin da ke sa nama da nono ya riga ya tsere daga cikinsu. Harawar wake da ta gyada su ke da shi, kuma a ganye yake, ba a jijiya ba. Masana kiwo sun gwada sun ga cewa tunkiyar da take cin kara, in ana ƙara mata kamar sulusin kilo na harawa a yini, ba za ta zube ba. Sai mai karatu ya yi lissafi da kansa: tumaki goma, sulusin kilo kowace, kwana 90 na tsananin bazara, ya kama kilo 300 ke nan. Wannan ba abin da ya fi ƙarfin talaka ba ne a watan Nuwamba, lokacin da ake neman mai saye a bakin gona. A watan Mayu kuwa damin nan guda ya riga ya ninka kuɗinsa, har a kan titin Kano ana sayar da shi ƙulli-ƙulli kamar kayan miya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma sayen harawa rabin aiki ne. Abin takaici shi ne yadda ake ajiye ta. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Kano, Jigawa ko Katsina da rani ya ga dammunan harawa a kan soro, ko a cikin rassan itace, rana tana dukansu wata huɗu. Koren ganye ya koma fari, iskar hunturu ta kakkaɓe shi, abin da ya rage sai tsinke. Wadda aka jibge a ƙasa gara ta shiga. In kuma ruwan farko ya yi sammako ya same ta a waje, sai ta yi fumfuna, dabba ta ƙi ci, ko ta ci ta yi ciwo. Mutum ya yi noma, ya yi yanka, ya yi dako, sa'an nan ya bar wa rana da gara kashi mafi kyau.

Ga inda kuɗin rago guda zai yi aikin da ya fi ƙarfinsa. Rumfa ce kawai ake bukata: dirkoki shida ko takwas masu ƙwari, a shafa musu baƙin mai saboda gara, a yi dandamali wanda ya ɗaga daga ƙasa kamar kamu biyu, a yi jinka mai kauri, in da hali a shimfiɗa leda a ƙarƙashin jinkar. A yanki harawa tun tana da sauran kore, a bar ta ta sha iska kwana kaɗan, a ɗaure a shigar. Harawar gyada, da yake tana saurin marmashewa, a dura ta cikin buhuna. Dusa da ƙowar wake su ma a saye su tun da kaka, a adana a inda laima ba ta kaiwa. Rumfar nan za ta yi shekaru tana aiki, in dai ana sabunta jinka. Ba ta da kwarjini, babu wanda zai zo ya yi wa mai ita barka, amma ita za ta sa tunkiya ta haihu da nono a watan Afrilu.

Akwai kuma dabarar gyara kara da takin yuriya, wadda malaman gona suka daɗe suna koyarwa a nan da Jamhuriyar Nijar. Ana narkar da kilo 4 na yuriya cikin ruwa kamar lita 50, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken karan dawa ko na shinkafa, a danna cikin rami, a rufe ruf da leda har mako uku. Karan yakan yi laushi, ya ƙara amfani a jiki. Sai dai fa yuriya guba ce in an yi ganganci. Ba a ba doki ko jaki, ba a ba ƙananan da ba su fara tuƙa ba, kuma ba a ɗiba daga rami a zuba wa dabba nan take sai an shanya warin ya fita. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, ya nemi malamin gona ya tsaya a kansa karo na farko.

Cuta ita ce ɓarauniya ta biyu, ita kuwa ba ta ɗauka kaɗan-kaɗan. Tarihin kiwo a ƙasar nan ya isa wa'azi. Bushiya ta shigo a wajen 1890 ta share garkunan Fulani, har masu shanu ɗari suka wayi gari da sanda kaɗai. Saboda ita ne aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 1924. Aka yi gangamin allura na ƙasashen Afirka daga 1962, cutar ta lafa, mutane suka saki jiki, sai ga ta ta komo a 1983 ta yi ɓarna mai yawa a Arewa. Da aka dage da allura, aka kai ga ranar da aka bayyana a 2011 cewa babu sauran bushiya a duniya. Allura ce ta yi wannan aiki, kuma kuɗinta a kan kowace saniya bai taka kara ya karya ba.

Bushiya ta tafi, amma ta bar 'yar'uwarta a cikin awaki da tumaki, watau annobar nan da likitoci suke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. In ta faɗa garken da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, tana iya kashe fiye da rabi cikin mako biyu. Wani abin lura shi ne, allurar da ƙasashe da yawa suke amfani da ita a kan wannan cuta, daga ƙwayar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi ta, kuma sau ɗaya in an yi wa akuya tana kare ta shekara uku ko fiye. Duk da haka ana nan ana asarar awaki a ƙauyuka kowace shekara, yawancinsu kuwa na mata ne, waɗanda ba su da wata dukiya sai su. Shanu su ma suna da nasu: ciwon huhu, wanda ake yi wa allura shekara-shekara, da harbin daji, da ciwon saifa.

Matsalar allurar rigakafi ɗaya ce, ba a sayar da ita ta dabba guda. Kwalba takan zo da ta dabbobi 50 ko 100, tilas a riƙe ta cikin sanyi tun daga inda aka yi ta, in kuma aka haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita nan da nan. Mai awaki bakwai ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Amma gida goma in suka haɗa kuɗi, suka sa rana, suka biya kwalba da ƙanƙara da man babur ɗin malamin dabbobi, abin da zai faɗa kan kowa bai kai kuɗin kaza ba. Ga kuma wata riba: cuta ba ta samun wurin zama a unguwar da aka yi wa dabbobinta duka. Wannan ya fi abin da ake yi yanzu nesa ba kusa ba, inda ake jira sai dabba ta kwanta, a ruga kasuwa wurin mai tallar magani a rana, a sayo kwalbar da ba a san asalinta ba, a yi ta tsira wa dabba har ta mutu da kuɗin a jikinta.

In wani abu ya rage, a sayi tsohuwar ganga a raba ta biyu, rabi na ruwa, rabi na abinci, a ɗora bisa ƙafafu. Akuya ba ta cin abin da ta taka, kuma a ƙasa ne take kwasar tsutsar ciki. A ajiye kanwa ko gishirin lasa a gefe.

Akwai abubuwan da ƙaramin kuɗi bai kamata ya kusance su ba, ko da suna da daɗin ji. Sayen bijimi ko bunsurun ƙasar waje domin gyaran iri yana cikinsu. Dabbar da aka haifa domin ƙasar sanyi da abinci mai yawa ba ta jure abin da Bunaji da Bokolo da jar akuyar Sakkwato suke jurewa, kuma saniyar gida da take haihuwa sau ɗaya a shekara biyu, sau da yawa yunwa ce ta hana ta, ba iri ba. Haka nan ginin bulo da kwano domin dabbobin da ba su da abin ci. Shingen waya ma haka. A farkon shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka da ake kira ILCA ta gwada wata dabara tare da Fulani mazauna wajen Kachia: a killace fili kamar hekta 4, a shuka ciyawar sitailo mai gina jiki, a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa su ci na 'yan sa'o'i kullum da rani. Shanun sun amfana ƙwarai. Amma shinge shi ya cinye yawancin kuɗin, da darajar naira ta faɗi daga 1986 waya ta ƙara tsada, ga wutar daji, ga kuma makiyayin da ba shi da tabbacin filin zai zauna a hannunsa. Dabarar tana da kyau, sai dai ta mai hali ce. Talaka yana iya samun irin wannan amfani ta hanya mai sauƙi, in ya ware gefen gonarsa ya shuka wake mai yaɗo irin kanannado saboda harawa, ya kewaye da aguwa ko bi-ni-da-zugu waɗanda awaki ba sa ci, ya kuma daina sare gawon da ya tsiro masa a gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai tare wa shuka rana ba, sa'an nan ya zubo da 'ya'ya da rani daidai lokacin da dabba take nema.

Hukuma tana da nata rabon aikin, babu mai musun wannan. Tun 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo a Jihar Arewa, yawancin wuraren kuwa ba a kammala tabbatar da su ba, burtali da mashaya da yawa sun koma gonaki. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Ma'aunin da ya kamata a auna ta da shi ba ya cikin manyan taruka na Abuja. A duba a ga ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma yana da firijin da yake aiki, da allurar Vom a ciki, da ma'aikaci mai babur wanda zai amsa kira in gida goma sun haɗa kuɗi sun aika. Waɗannan uku in sun samu, masu kiwo za su ɗauki sauran nauyin da kansu, kamar yadda suka saba.

Kafin nan, lokacin yin shawara gajere ne. Daga ranar da aka fara tuge gyada zuwa ranar da aka saki dabbobi cikin gonaki bai fi 'yan makonni ba, kuma a cikinsu ne harawa take da araha, ciyawar jinka take samuwa, kuɗi kuma suke hannu. Allurar awaki ma gara a yi ta a wannan tsakani, tun sanyin hunturu bai kawo mura cikin garke ba.