Kwamfuta Ba Ta San Sulhu Ba

Duk wanda ya zauna ɗakin kwanan ɗalibai ya san gardamar da kan tashi a wasan kartar Whot. Wani ya jefa lamba 2 ya ce a ɗauki biyu, abokin wasansa ya ce su a garinsu ana karewa da wata 2 ɗin. Akan sasanta da baki, wasa ya ci gaba. Kwamfuta kuwa ba ta san sulhu ba, abin da aka rubuta mata shi take bi.

Saboda haka muke ganin kuskure ne mai tsara manhajar wasa ya cusa kowace doka a tsakiyar aikinsa. Ranar da aka zo da sabon sharaɗi sai an warware ginin duka, gyara ɗaya ya haifi ɓarna goma. Abin da ya kamata shi ne a ajiye kowane sharaɗi daban, a kuma kafa ƙa'idar wanda ke gaba da wani.

A dubi wasan kartar Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, aka fitar a Amurka a 1993. Yana da kati iri-iri sama da 20,000, kuma idan rubutun kati ya saɓa wa dokar wasa, katin ake bi. Duk da haka an sa shi a kwamfuta tun 1997. Dokokinsa sun jera irin waɗannan sauye-sauye a matakai 7. Misali, wani kati ya mai da ƙarfin dodo ya zama 1, wani kuma ya ƙara masa 2. Doka ta ce a fara da na farko, ƙarfi ya zama 3, ko wanne aka riga jefawa. In kuwa matsayinsu ɗaya ne, galibi akan bi su bisa ga lokacin shigowarsu.

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne ga ƙaramin wasa. Amma ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikacin da ya taɓa riƙe takardun umarni biyu masu karo da juna ya san wahalar rashin wannan ƙa'ida.

Muna kira ga ɗalibanmu masu koyon aikin kwamfuta da su fara da tambaya ɗaya kafin su rubuta kome: idan dokoki biyu suka yi karo, wacce za a bi?