LADAN GWAJI: RUMBUN AKE GWADAWA KO MU?

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, ina yi muku sallama irin ta wanda ya zo da ƙorafi. Kwanakin baya wani saurayi ya zagayo ɗakunan kwananmu, riƙe da waya mai tsada, yana ta wa'azin wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Wai kamfanin yana gina rumbun bayanai wanda ba na kowa ba ne, na kowa da kowa ne, kuma yanzu yana matakin gwaji, watau abin da samari ke kira tesnet. Wai duk wanda ya shiga gwajin za a ba shi lada da sulallan kamfanin ran da suka shiga kasuwa. Na ce masa to mene ne aikin? Ya ce in danna nan kullum da safe, in bi shafinsu, in kawo abokai biyar. Na ce to in na ga aibi a rumbun, wa zan gaya wa? Sai ya dube ni kamar na tambaye shi ranar tashin kiyama. Wannan kallon ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada wani ya zaci ni maƙiyin abin ne. Bari in fara bayyana shi don waɗanda ba su sani ba. Yawancin abin da muke ajiyewa a intanet yana kwance ne a manyan ɗakunan kwamfuta na kamfanoni 'yan kaɗan, irin su Amazon da Google da Microsoft. In sun rufe ƙofa, ko gwamnatinsu ta ce su rufe, shi ke nan. Sai wasu suka ce a bi tsarin ƙauye, inda kowane gida yake da rumbunsa: a rarraba ajiyar ga masu na'urori da yawa a ƙasashe dabam-dabam, a biya kowa kuɗin tsaro, ta yadda in gobara ta ci rumbu guda hatsin gari bai ƙare ba. A kan wannan tunani aka gina Sia da Storj da Arweave da Filecoin. A tsarin Filecoin, mai ajiya sai ya ajiye jingina, sa'an nan kowace rana na'urarsa ta kawo hujja ta lissafi cewa kayan suna nan, in ya kasa a yanke daga jinginarsa. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ni da na fito daga ƙasar Bakolori na fi kowa sanin amfaninta.

Ga dalili. A tsakanin 1974 da 1978 aka datse Gulbin Sakkwato kusa da Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ya yi ginin, aka tara ruwa kamar mita miliyan 450 na murabba'in zurfi a tafki guda. Ruwan da a da yake malala kowace damina ya shiga fadamu ɗaruruwa, kowa ya samu rabonsa ba tare da ya roƙi kowa ba, sai ya koma bayan ƙofar ƙarfe wadda makullinta ke hannun hukuma. Manoman da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suke noman shinkafa da ita. Waɗanda ruwa ya ci garuruwansu aka kwashe su zuwa tudu. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba ruwa kaɗai aka tara wuri guda ba, har da sani. Kafin zuwan katafila, iyakar gona tana rubuce a wurare da yawa: ga kuka, ga ɗorawa, ga jerin gamba, ga maƙwabci, ga dattijon da ya halarci rabon gado. Da aka baje ƙasar domin noman rani a yankin Talata Mafara da Bakura, aka tumɓuke itatuwa, sai duk waɗannan shaidu suka shafe. Wanda ke da gona da wanda ba shi da ita, wanda za a biya diyya da wanda ba za a biya ba, duk ya koma abin da takardar ofis ta ce. Talakan da sunansa bai fito ba, ina zai kai ƙara?

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin suna neman diyya da gonakinsu. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, Birnin Tudu ta sha mafi muni. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba. Waɗanda suka bi diddigi suka ce sun haura 380. Ku dubi tazarar! Da ma'ajiyar gwamnati kaɗai ce ta riƙe labarin, da yau ba mu san kome ba sai ƙaramin adadin. Abin da ya ceci labarin shi ne ya warwatsu: yana bakin matan da aka bari da marayu, yana cikin takardun da Dokta Yusufu Bala Usman ya tattara aka buga a 1982, yana cikin rubutun masu bincike irin su Bjorn Beckman. Saboda haka in aka ce mini a raba ajiyar bayanai hannu dubu, ni ne na farkon cewa amin.

Rigimata da gwajin ce, kuma nan ma Bakolori ce malamata. Aikin nan ba a gwada shi da manoma ba kafin a shimfiɗa shi a kan dubban kadada. An kawo injinan feshin ruwa masu bukatar lantarki da kayan gyara daga Turai, aka girka, ba a jima ba suka mutu, har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya na 2014 domin gyara. Manoman su ne abin gwajin, ba tare da an tambaye su ba, ba tare da lada ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma sun yi abin da ake so mai gwaji ya yi, sun ga aibi sun faɗa da babbar murya. Amsar da suka samu kun ji ta. Daga nan na koyi cewa ba ladan ne ke sa mutum ya zama mai gwaji ba, a'a, sai in maganarsa tana iya tsayar da aiki.

To mu auna gwajin zamani da wannan mudu. Mafi shahara shi ne na Filecoin, wanda kamfanin Protocol Labs na Juan Benet ya shirya bayan ya tara fiye da dala miliyan 200 a 2017. A ranar 24 ga Agusta 2020 aka buɗe gasar da suka kira Space Race, ta mako 3, aka sa ladan sulalla har miliyan 4 ga waɗanda suka fi tara wurin ajiya. In za a faɗi gaskiya wannan gwaji ne na haƙiƙa, an matsa wa tsarin lamba, an gano wuraren da yake ɗingishi kafin a buɗe shi sosai ranar 15 ga Oktoba 2020. Amma wa ya iya shiga? Na'urar da ake bukata tana son ƙwaƙwalwa ta gigabayit 128 ko fiye, da lantarkin da ba ya ƙiftawa dare da rana. Shi ya sa manyan 'yan jari, akasarinsu daga ƙasar Sin, suka mamaye fagen. Sa'an nan me aka zuba a rumbunan? Tun da girman rumbu ake biya wa lada, ba hatsin da ke ciki ba, sai mafi yawansu aka cika su da ƙaiƙayi, watau bayanan banza da ba wanda zai taɓa nema. Su kansu masu abin sun gane haka, shi ya sa suka biyo da wata gasar mai suna Slingshot don ajiye bayanai na gaske, kuma suka ninka nauyin ajiyar da aka tantance sau 10 wajen rabon lada. Abin da ka sa wa lada shi za a kawo maka, ko da ba shi kake bukata ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi. 'Yan kwanaki bayan buɗe tsarin, wasu manyan masu ajiya suka rage aikin na'urorinsu suna kukan jingina ta yi nauyi kuma ladan yana jinkiri. Ba a turo musu 'yan sanda ba. An gyara doka, aka ce kashi 25 cikin 100 na lada a sake shi nan take. Me ya sa aka saurare su? Don rumbunan nasu ne. Su ma sun tare hanya kamar manoman Bakolori, sai dai su makullin yana aljihunsu.

Yanzu ku dube mu. Ba mu da rumbu, ba mu da na'ura, wayar ma sai an kai caji shago. Me muke gwadawa da danna maɓalli? Ba kome. Ƙirga mu ake yi, kamar yadda ake ƙirga kawunan shanu a gaban mai saye, don kamfani ya je wa masu zuba jari ya ce ga mutane dubu ɗari sun shiga. Mun ga irinsa a 2024, lokacin da gari duka ya duƙufa kan Hamster Kombat, malami na karatu ɗalibi na danna waya a ƙarƙashin tebur, da ranar rabo ta zo a watan Satumba da yawa ba su mai da ko kuɗin datarsu ba. Wancan wasa ne, ba rumbu ba, amma ɗabi'ar da ya koya mana ita ce ake so a ci riba da ita yau.

Na san abin da za a ce mini: aikin yi babu, kuɗin makaranta ya hau, in yaro ya samu 'yan daloli ina laifi? Ban ga laifin mai yunwa ba. Amma a duba irin ladan. Ba da naira ake biya ba, ba da dala ba, da sulallan kamfanin ne, waɗanda darajarsu ta dogara ga kyakkyawan sunan kamfanin. Watau ran da na gano rumbun yana yoyo, in na faɗa, ladan kaina na karya. Wane mai gwaji ne zai tona aibin da zai talauta shi? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to mu ladan da muke ci ba na aski ba ne, na rufe baki ne. Shi ya sa saurayin nan bai san wurin kai ƙorafi ba, domin ba a taɓa nufin ya kai ba.

Abin takaicin shi ne, gwajin da waɗannan kamfanoni suka fi bukata yana nan wurinmu, kuma ba za su same shi a Amurka ko Jamus ba. Rumbun da ya yi aiki a ɗaki mai sanyi bai ci jarrabawa ba tukuna. A kawo shi Maradun a zafin bazara, inda wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, inda a 2021 gwamnati ta katse layukan waya na Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. A sa masa kayan gaske: hotunan littattafan ajami da gara ke ci a zauruka, muryoyin tsofaffin da suka ga 1980 da idonsu kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, takardun gonakin mutanen da aka ƙona wa ƙauyuka, in masu su sun yarda kuma an kulle su ta yadda ba kowa zai buɗe ba. Bayan shekara guda a sa wani ɗalibi a Bakura ya nemo su da ƙaramar wayarsa. In sun fito, madalla. In ba su fito ba, a biya shi da naira a kan ya faɗa, a buga aibin a fili kowa ya gani, a kuma faɗi ranar da aka gyara.

Malamaina na sashen Hausa da na tarihi, kaset-kaset ɗin hirarrakin da ɗalibai suka ɗauko shekara da shekaru suna nan jibge cikin kwalaye a ofisoshinku, kwafi ɗaya tak, ƙarƙashin rufin da ke zuba. Malaman kimiyyar kwamfuta kuwa ga ɗalibanku can suna danna waya don sulallan da ba su taɓa gani ba. Tsakanin ofisoshinku tafiyar minti biyar ce. Ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta kira ku zama guda kafin ƙarshen zangon karatu, a fitar da sharuɗɗan da kowane kamfani zai cika kafin ya shigo harabar nan da sunan gwaji. Shi kuma saurayin mai waya, in ya dawo, lambar ɗakina tana wurin editan mujallar nan. Har yanzu ina jiran amsar tambayata.