RA'AYINMU: A Gwada Jini Tun Kafin A Kai Kuɗin Gaisuwa

A ƙarshen shekarar 2023 hukumomin magunguna na Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy domin masu ciwon sikila, wato amosanin jini. Akan ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara halittarsu a ɗakin bincike, a mayar masa, sai jikinsa ya koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Mun gode wa Allah da ya ba ɗan Adam wannan basira. Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Wane ne zai kawo mana shi Lafani?

Abin da ke hannunmu tsohon sani ne. Ciwon nan gado ne daga uba da uwa tare. In dukansu masu jinin AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma haihuwar lafiyayye bara ba ta kare na bana. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu AS ne, yana noma yana fatauci lafiya lau, bai sani ba. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa jinin AS na rage hatsarin zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu. To, 'yan'uwa, ina la'ana a nan? A daina kiran yaran nan 'yan wabi, a daina ɗora wa uwa laifi ita kaɗai.

Ikkilisiyoyi da dama suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Madalla. Kukanmu shi ne lokacin da ake nemanta. Sai an yi baiko, an haɗa lefe, an fara sanarwa a sujada, sa'an nan dattawa su ce a je asibiti. A wannan matsayi wa zai iya janyewa? Nan ne wasu ke shiga jarabar sayen takardar ƙarya, kunyar rana ɗaya ta jawo wa yaro azabar shekaru.

Muna roƙon fastoci da shugabannin zumuntar matasa su shirya gwajin tun yara suna ajin baftisma, kowa ya riƙe sakamakonsa a asirce. Wanda ya yi shakkar nasa ya sake a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Waɗanda aka riga aka haifa fa? Binciken da aka yi a Kano ya nuna maganin hydroxyurea na rage hatsarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Iyaye su tambayi likita, majalisar dattawa kuwa ta sa kuɗin maganin cikin baikon taimako na wata-wata.